Ruwan Taurari Na Zuba A Kanmu, Wa Ke Ƙirgawa?

Bahaushe ya ce, tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba. Da wuya a sami wanda ya tashi a gidan Hausa bai ji wannan karin magana ba, ko a Kumasi aka haife shi, ko a Garwa, ko a Injamina. Kakanninmu sun ɗauki fitowarta alamar yunwa ko yaƙi ko faɗuwar wani babban bango, kuma ba su kaɗai suka yi wannan fassara ba, domin Sinawa da Rumawa da Turawan zamanin da duk sun ji tsoronta. Haka nan idan aka ga tauraro ya tsinke ya ja layin wuta a tsakar dare, sai a yi salati, wani ya ce lallai wani babba ya kwanta dama.

Abin da karin maganar bai gaya mana ba shi ne, tauraruwa mai wutsiya da tauraron da ke tsinkewa uwa ce da ɗanta. Gano wannan dangantaka ya haifar da wani fannin ilimi wanda har yau idon talaka yake da daraja a cikinsa. Ra'ayina shi ne, mu mazauna tsakanin hamada da kurmi muna ƙarƙashin wani yanki na sama wanda kusan babu mai rubuta abin da ke faruwa a cikinsa, alhali muna da duk abin da ake bukata don cike wannan giɓi, kuma sakaci ne mu bar shi haka.

Sai a shekarar 1950 wani masanin falaki na jami'ar Harvard a Amurka, Fred Whipple, ya bayyana surar tauraruwa mai wutsiya yadda masana suka gamsu. Dunƙulen ƙanƙara ce cakuɗe da ƙura da tsakuwa, faɗinta kan kai kilomita kaɗan zuwa gommai, tana kewaya rana a kan doguwar hanya. Idan ta kusato rana, zafi ya sa ƙanƙarar ta zama tururi, tururin kuma ya kwashi ƙura ya watsa. Ka ɗauka motar hatsi ce mai buhu a huje, tana bin hanya ɗaya shekara da shekaru: duk tafiyar da ta yi sai ta bar nata layin tsaba. Duniyarmu kuwa tana ratsa wannan hanya sau ɗaya a shekara, a ranaku sanannu. Ƙwayoyin da ta ci karo da su, waɗanda yawancinsu ba su wuce ƙwayar yashi ko ta gero ba, suna shigowa cikin iskar da ta lulluɓe duniya da gudun da kan kai kilomita 71 a cikin daƙiƙa ɗaya, su ƙone ƙurmus a nisan kilomita 80 zuwa 120 daga ƙasa. Wannan ƙuna ita ce layin wutar da muke gani. Idan suka yawaita a dare ɗaya, shi ne abin da za mu kira ruwan taurari.

Yadda aka kai ga wannan sani shi ne ginshiƙin hujjata. A daren 12 wayewar 13 ga Nuwamba 1833, taurari suka zuba a kan gabashin Amurka kamar da bakin ƙwarya, dubbai bisa dubbai a cikin sa'a guda, har mutane da yawa suka ɗauka tashin duniya ne. Wani malamin jami'ar Yale, Denison Olmsted, ya roƙi jama'a ta hanyar jarida su aiko masa da bayanin abin da suka gani. Wasiƙu suka yi ta zuwa daga garuruwa daban-daban, daga mutanen da ba masana ba. Da ya tattara su sai ya lura cewa duk layukan wutar daga wuri ɗaya suke fitowa, a cikin burujin Zaki, wanda malaman hisabi ke kira Asad, kuma wurin yana tafiya tare da taurari. Ke nan abin daga wajen duniya yake zuwa. Daga sunan wannan buruji a Latin aka raɗa wa ruwan taurarin Nuwamba suna Liyonid.

Shekaru talatin bayan haka, wani malamin Yale ɗin, Hubert Newton, ya bi tsofaffin littattafan tarihi na Larabawa da Sinawa da Turawa yana neman irin wannan dare. Ya same shi har zuwa shekarar 902, wadda marubutan tarihi na Larabci suka kira shekarar taurari, shekarar da sarkin Aglabawa Ibrahim na biyu ya rasu. Da ya jera shekarun sai ya ga abin yana dawowa kusan kowace shekara 33, ya ce a saurare shi a 1866, kuma ya zo. A daidai wannan lokaci Giovanni Schiaparelli na Italiya ya nuna cewa ruwan taurarin watan Agusta, wanda ake kira Fasiyid, yana bin hanyar tauraruwa mai wutsiya Swift-Tuttle wadda aka gano a 1862. Ba da jimawa ba aka gane cewa Liyonid kuma ƙurar Tempel-Tuttle ce. Wata tauraruwar mai suna Biela ta ƙara tabbatar da zancen: an ga ta rabu biyu a 1846, an sake ganin ɓangarorin biyu a 1852, daga nan ta ɓace, sai ga ruwan taurari mai yawa a kan hanyarta a ƙarshen Nuwamba 1872 da kuma 1885.

Marubucin da ya ajiye labarin daren 902 bai san Newton ba, bai san amfanin da za a yi da layinsa ba bayan shekaru kusan dubu. Ya gani, ya rubuta wata da shekara. Mu ma muna da rabo a wannan gado. A cikin rubuce-rubucen Timbuktu akwai bayanin da wani malami ya bari game da wani dare a watan Rajab na shekarar 991 bayan Hijira, wanda ya yi daidai da Agusta 1583, inda ya faɗi yadda taurari suka yi ta shawagi bayan tsakar dare har mutane suka firgita. Masu bincike na zamani suna karanta wannan bayani da ido biyu, domin lokacinsa ya yi kusa da kakar Fasiyid. Malamin ya yi abin da kimiyya ke nema, ya faɗi lokaci, ya faɗi abin da ya gani.

Amma sanin cewa abu yana dawowa kowace shekara 33 bai wadatar ba. A 1899 jaridun Turai da Amurka sun cika da albishir, jama'a suka kwana a waje, abin da aka gani bai taka kara ya karya ba, masana falaki suka sha kunya. Dalili kuwa, ƙarfin jan babbar duniyar Jufita, wato Mushtari, ya gusar da layukan ƙurar daga hanyarmu. A 1933 ma ba a ga abin kirki ba. Sai ga shi a 17 ga Nuwamba 1966 an yi zuba mai tsanani a yammacin Amurka, har masu kallo suka ƙiyasta taurari kusan 40 a daƙiƙa ɗaya.

Kwamfuta ce ta warware wannan ruɗani. Masu bincike suka daina ɗaukar ƙurar a matsayin gajimare guda, suka koma bin kowane layi daban. A cikin lissafi, sai su saki dubban ƙwayoyi na kwaikwayo daga jikin tauraruwar a kowace ziyara da ta kai wa rana, su auna yadda jan Mushtari da sauran duniyoyi da turin hasken rana zai karkata kowace ƙwaya, su bi su ƙarni bayan ƙarni, su ga ranar da duniya za ta ratsa su. Masana biyu na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Kondrat'eva da Reznikov, sun fara wannan hanya a 1985. A 1999 David Asher da Robert McNaught suka yi amfani da ita suka ce duniya za ta ratsa ƙurar da Tempel-Tuttle ta zubar a 1899, a ranar 18 ga Nuwamba da misalin ƙarfe 2:08 na dare agogon GMT. Abin ya kai ƙololuwa 'yan mintoci kaɗan kafin lokacin da suka faɗa, an ƙirga taurari sama da 3,000 a sa'a. Aka sake dacewa a 2001 da 2002.

Ƙarfe 2 na dare agogon GMT shi ne ƙarfe 2 a Akara da Tamale, ƙarfe 3 a Kamaru da Cadi da Nijar da Nijeriya. Burujin Zaki ya riga ya hau ta gabas, damina ta ɗauke a arewacin yankin. Wato wannan babban dare a kanmu ya wuce. Duk da haka, ƙidayar da aka auna hasashen da ita, mafi yawanta daga Turai da Gabas ta Tsakiya ta fito. Babu shakka akwai makiyayi ko mai gadi ko direban dare da ya gani, ya yi salati, ya ba iyalinsa labari da safe, labarin ya tsaya nan.

Wani zai ce, to me aka rasa? Abin da aka rasa ya fi yadda ake zato. Na farko, kowane hasashe yana bukatar mai gaskata shi ko ƙaryata shi. Layin ƙura siriri ne, duniya kan ratsa shi cikin sa'a ɗaya ko biyu, kuma waɗanda dare ya rufa a kansu a daidai lokacin, sama kuma ba hadari, su kaɗai za su shaida. Idan Turai ta cika da gajimare a wannan dare, kamar yadda takan yi a Nuwamba da Disamba, shaidar ta tafi ke nan sai in akwai wasu idanu a wani wuri. Mu da ke kusa da tsakiyar duniya muna ganin samaniyar arewa da ta kudu duka. Ruwan taurarin farkon watan Mayu, wanda ƙurar shahararriyar tauraruwar Halley ce, mun fi mutanen Jamus da Ingila ganinsa nesa ba kusa ba, domin su alfijir kan riske su kafin mafitarsa ta ɗaga.

Na biyu, ƙurar nan saƙo ce daga farkon halittar rana da duniyoyinta, shekaru kusan biliyan 4.6 da suka wuce, ƙanƙara ta adana ta. Hukumar NASA ta Amurka ta harba kumbon Stardust a 1999, ya ratsa kusa da tauraruwar Wild 2 a 2004, ya dawo a Janairu 2006 da ƙurar da ba ta isa ta rufe ƙasan cokali ba. Shekara bakwai da kuɗi masu yawa. Alhali kowace shekara irin wannan ƙura tana zuwa da kanta har bisa kawunanmu. Idan aka rarrabe hasken ƙunarta da na'ura, launukan kan nuna sinadaran da ke ciki, irin su ƙarfe da sodiyam da maganiziyam, kuma yadda ƙwayar ke farfashewa kan nuna taurinta.

Na uku, akwai maganar tsaro. Ƙwayar yashi mai gudun kilomita gommai a daƙiƙa tana iya lalata tauraron ɗan adam. A watan Agusta 1993, tauraron sadarwa na Turai mai suna Olympus ya rikice a daren Fasiyid, ya ƙarar da mansa wajen neman daidaita kansa, aikinsa ya ƙare, kuma injiniyoyi sun fi zargin ƙwayar ƙura ce ta same shi. NASA tana da ofishi na musamman da ke fitar da hasashen irin wannan haɗari. Hasashen yanayi da manomi ke saurare a rediyo, da tashoshin talabijin, da taswirar da direba ke bi a waya, duk sun dogara ga waɗannan na'urori. Bayan haka akwai taurari masu wutsiya da ke ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin su dawo. Thatcher, uwar ruwan taurarin Afrilu, an gan ta a 1861, kuma sai bayan shekaru sama da 400 take kammala zagaye. Wasu ma ba a taɓa ganinsu ba tun da aka ƙera madubin hangen nesa. Ƙurar da suka bari ita ce sawun da ke nuna hanyarsu, kamar yadda mai bin sawu ke sanin inda raƙumi ya nufa tun bai gan shi ba.

Akwai suka mai nauyi da ba zan kauce mata ba. Mutumin zango da ke fama da kuɗin haya da kuɗin makaranta, wanda ɗansa ke karatu da harshen da ba na gida ba, ina shi ina ƙirga taurari? Ciki da yunwa ba a kallon sama. Na yarda akwai abubuwan da suka fi wannan gaggawa. Sai dai mafi yawan fannonin kimiyya suna neman ɗakin gwaji da wutar lantarki da kayan miliyoyi, shi ya sa yaranmu ke haddace su a allo ba tare da sun taɓa gwadawa ba. Wannan fanni tabarma yake nema da agogo da takarda da alƙalami. Yaron da ya kwana yana ƙirgawa, ya rubuta lokaci, ya kwatanta nasa da na abokinsa, ya ga inda suka saɓa, ya koyi abin da haddar shekara biyar ba za ta ba shi ba: bambancin abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Wannan tarbiyya tana amfani a asibiti da kasuwa da kotu.

Wata sukar kuma ita ce, na'ura ta riga ta maye gurbin ido. Gaskiya ne a yau kyamarori ke ba da mafi ingancin bayani. Tsarin CAMS da Peter Jenniskens ya kafa ya bazu har Namibiya da Afirka ta Kudu. Wata babbar haɗakar kyamarorin sa-kai da Denis Vida ya jagoranta daga 2018 tana amfani da irin kyamarar gadin gida da 'yar ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi. Idan kyamara biyu da ke tazarar kilomita gommai suka ɗauki tauraro ɗaya, ana iya lissafa tsayinsa da gudunsa da hanyar da ya biyo. To amma duk wanda ya dubi taswirar waɗannan tashoshi zai ga Turai da Arewacin Amurka da Ostireliya cike, Afirka ta Yamma da ta Tsakiya kuwa 'yan ƙalilan ne. Wannan suka hujja ce a gare mu. Kuɗin kyamara ɗaya bai fi ƙarfin makarantar sakandare mai zaman kanta ba, ko ƙungiyar matasan unguwa, ko attajiri guda mai son a tuna da shi. Kuma Ƙungiyar Masu Lura da Taurari Masu Tsinkewa ta Duniya, IMO, wadda aka kafa a 1988, har yau tana karɓar ƙidayar ido daga kowa ta intanet, domin da ita ake kwatanta bana da shekarun da ba a da kyamara.

Akwai darasi a cikin duwatsun da ke faɗowa daga sama, ko da yake su ba daga ruwan taurari suke ba, gutsattsarin manyan duwatsun sarari ne ko na wasu duniyoyi. Wanda ya faɗo a Zagami a ƙasar Katsina ranar 3 ga Oktoba 1962, mai nauyin kilo 18, daga baya aka tabbatar daga duniyar Mas yake, kuma yankakkunsa sun watsu a ɗakunan bincike da hannun 'yan kasuwa a ƙasashen waje. Wanda aka tsinta a yankin Agadas a 2023 an yi gwanjonsa a birnin New York a 2025 kan dala miliyan 5 da ɗoriya, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya fita. A Sudan kuwa, da wani ƙaramin dutsen sarari ya tarwatse a kan hamadar Nubiya ranar 7 ga Oktoba 2008, Muawia Shaddad na jami'ar Khartum ya fita da ɗalibansa tare da Jenniskens, suka jeru suna taka hamada har suka tsinci gutsattsarin, sunan jami'arsu ya shiga cikin binciken. Sama ta yi wa ƙasashen uku kyauta iri ɗaya, amma wadda take da mutane a shirye ita ta ci moriyar ilimin.

Shirin nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Al'ummar da ke fita kowane ƙarshen wata duban jinjirin wata, wadda ta san a tambayi mai shaida ina ya tsaya, ƙarfe nawa, ta wace kusurwa, ta riga ta san ladabin lura. Fatakenmu da suka kafa zangunan da muke zaune a ciki da taurari suke sanin lokacin tashi. Manomi ya san Kaza da 'Ya'yanta, matafiyi ya san Gamzaki, kowa ya san Zara matar wata. Abin da ya rage shi ne a ɗora rubutu a kan wannan sani. Ana kuma bukatar hanzari, domin duhun dare yana ƙarewa. Fitilun titi da na hasken rana alheri ne, amma yaron da ya tashi a Nima ko tsakiyar Duwala bai san samaniyar da kakansa ya sani ba. Ƙauyuka da bayan gari su ne suka rage da wannan arziki.

Ga mai son farawa, daren 13 wayewar 14 ga Disamba ya fi dacewa. Shi ne ruwan taurarin Jeminid, daga burujin Jauza'u, wanda tushensa wani dutse ne mai suna Phaethon da aka gano a 1983, kuma masana na ci gaba da muhawara kan yadda dutse ya zubar da ƙura haka. A sama mai tsabta ba farin wata ana iya ganin sama da 100 a sa'a, ko da yake hazon hunturu zai rage adadin. A fita nesa da fitila, a kwanta rigingine, a ajiye waya, a ba ido minti 20 ya saba da duhu. Daga tsakar dare zuwa asuba ya fi, domin a lokacin ne ɓangarenmu na duniya ke fuskantar inda ta dosa. Kowa ya yi nasa ƙirge shi kaɗai, kada a haɗa. A rubuta lokacin farawa da na gamawa, da sunan wuri, da yawan gajimare ko hazo, da adadin da aka gani. Wanda ya zauna sa'a guda ya ga biyu kacal, ya rubuta biyu, domin ƙarancin ma bayani ne. Malamin makaranta ya tattara takardun ya aika.

Tempel-Tuttle za ta sake kusantar rana a 2031, Halley kuma a 2061. Masu lissafi a Turai da Kanada da Japan sun riga sun fara fitar da hasashen shekarun da za su biyo baya, kuma za su bukaci shaidu. Yaran da ke firamare yau za su zama samari da 'yan mata a lokacin zuwan ta farko. Ya rage ga iyaye da malamai da shugabannin zango su zaɓa, ko yaran nan su tarbe ta da karin maganar da muka gada kawai, ko su tarbe ta da karin maganar da kuma littafin ƙidaya na shekaru biyar a hannu, mai ɗauke da sunan garinsu.